Zaɓen Shugaban Ƙasa a Nijar: Ina Ruwanmu?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen zango na ɗalibai 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram, wanda waɗansu daga cikin yayyenmu ma'aikatan gwamnati suka halarta.)



Ran da aka liƙa takardar sanarwar wannan taro, wani ɗan'uwa ya bi dare ya rubuta a ƙasanta da biro cewa, ina ruwan biri da gada? Ba mu san ko wane ne ba, amma muna yi masa godiya, domin ya sauƙaƙa mana aiki. Lalle tambayarsa tana bisa hanya. Mu mutanen kudancin Jigawa ne. Mutumin Gwaram ya fi kusa da ƙasar Bauchi bisa ga yadda yake kusa da Maigatari, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin dutsen kan iyaka da idonsu ba. Ba mu da ƙuri'a a Jumhuriyar Nijar. Daɗin daɗawa, ƙasar da muke magana a kanta ba ta yi zaɓen shugaban ƙasa ba tun na shekarar 2021, soja ne ke mulkinta. To, mene ne na tara jama'a a kan zaɓen da ba namu ba, wanda kuma aka jingine shi?

Amsarmu a taƙaice ita ce, hanyar da mulki yake bi ya sauya hannu a birnin Yamai tana taɓa kuɗin ragon layyarmu, da kwanon geronmu, da zaman lafiyar gonakinmu lokacin kaka. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa ke nan, sa'an nan mu faɗi abin da ya rage gare mu.

Bari mu fara da misali daga nesa. Mutanen ƙasar Kanada ba su da ƙuri'a a Amurka, amma duk ran da ake zaɓen shugaban Amurka ba sa barci da wuri. Dalili kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada take sayarwa waje, Amurka ce mai saye. Da aka zaɓi Donald Trump ran 5 ga Nuwamba 2024, bai cika wata biyu a kan kujera ba ya ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayayyaki da yawa masu shigowa daga Kanada, yana kuma ta faɗin wai gara ƙasar ta zama jiha ta 51 a cikin Amurka. Abin ya kai ga zaɓen da Kanada ta yi nata ran 28 ga Afrilu 2025 ya koma muhawara a kan mutumin da ba ya cikin takara, har jam'iyyar Liberal, wadda kowa ya ɗauka ta riga ta faɗi, ta farfaɗo ta ci a ƙarƙashin Mark Carney. Watau zaɓen maƙwabci ya juya nasu.

Wani zai ce misalin bai zauna ba, domin Kanada ita ce ƙarama kusa da Amurka, alhali kuwa tsakaninmu da Nijar mu ne babban wa, su ya kamata su riƙa kallonmu. Gaskiya ne suna kallonmu, fiye ma da yadda muke zato. Amma wannan lissafi na mutumin Ikko ne ko na Abuja. Ga wanda yake zaune a Jigawa, Damagaram ta fi Ikko kusa nesa ba kusa ba, kuma abin da ya faɗa wa kasuwar Damagaram yakan iso mu tun kafin jaridun kudu su ji labari.

Iyakar nan da muke magana, tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai na Nijeriya suke kwance a jikinta: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ingila da Faransa ne suka shata ta a kan takarda, daga yarjejeniyar 1890 zuwa gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka aiko ma'auna suka bi daji suna kafa duwatsu. Ba su tambayi Bagumale ko Badamagare ba. Saboda haka har yau fiye da rabin mutanen Nijar Hausawa ne, kuma a ƙidayar da suka yi a 2012 jihohin Damagaram da Maraɗi kaɗai suna ɗauke da kimanin kashi 40 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa. Wanda duk yake neman shugabancin Nijar ta hanyar ƙuri'a, tilas ya je ya durƙusa wa mutanen da suke cin kasuwa ɗaya da mu.

Tarihin mulki a Nijar kuwa, in mun duba, kamar muna duba madubi ne. Sun sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, wata biyu kafin mu. Shugabansu na farko, Diori Hamani, ya tsaya wa haɗin kan Nijeriya lokacin yaƙin basasa, duk da cewa Faransa, uwargijiyarsu, ta karkata wajen Biyafara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda yake kan kujera a Yamai yana iya zama mana garkuwa ko ƙofar ɓaraka. A 1974, ana tsakiyar fari, Seyni Kountche ya kifar da shi. Sai a 1993 suka yi zaɓen shugaban ƙasa na farko mai jam'iyyu da yawa, Mahamane Ousmane mutumin Damagaram ya ci. Soja suka ture shi a 1996. Wanda ya ture shin, Ibrahim Bare Mainasara, masu tsaronsa suka harbe shi a 1999. Aka zaɓi Tandja Mamadou sau biyu, da wa'adinsa ya zo ƙarewa a 2009 ya nemi ƙari, mutanen Nijar suka kira abin da sunan da mu ma muka sani tun zamanin Janar Abacha, watau tazarce. A Fabrairun 2010 soja suka sake fitowa. Sa'an nan Mahamadou Issoufou ya ci zaɓen 2011 da na 2016, ya cika shekara goma, ya ce ba zai zarce ba.

Wannan ya kawo mu ga zaɓen da ya fi shafarmu. An yi zagaye na farko ran 27 ga Disamba 2020, na biyu kuma ran 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da tsohon shugaba Mahamane Ousmane. Abin lura a nan shi ne, dukansu biyu gidansu na siyasa yana cikin jihar Damagaram, wadda ta yi kafaɗa da Jigawa: Ousmane ɗan birnin ne, Bazoum kuwa ya wakilci Tesker a majalisa. Aka ba da sanarwa Bazoum ya sami kashi 55 da ɗoriya, Ousmane kashi 44 da ɗoriya. Ousmane bai yarda ba, aka yi tarzoma a Yamai, aka rufe intanet na kwanaki, har aka yi yunƙurin juyin mulki saura kwana biyu a rantsar da sabon shugaba. Duk da haka, ran 2 ga Afrilu 2021, a karo na farko tun 1960, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki a Nijar. Mu a nan, in za mu faɗi gaskiya, kaɗan ne daga cikinmu suka kula. Motocin shanu suka ci gaba da wucewa, kasuwa ta ci gaba da ci, ba wanda ya ji a jikinsa. Amfanin zaɓe ke nan da ba a cika gani ba, mulki ya sauya hannu maƙwabta ba su ko farga ba.

Sai muka farga ran 26 ga Yuli 2023, sa'ad da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani, ta tsare Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja, Shugaba Tinubu yana jagora, suka ba sojan kwana bakwai su mai da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka tsai da ciniki da hulɗar banki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar take sha. Jama'a, ku tuna yadda waɗannan makonni suka kasance. A masallatanmu ana ta alƙunutu kada a yi yaƙi. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan tura soja. Aka aika Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, daga baya ayarin malamai suka tafi Yamai neman sulhu. Da an gwabza, ba a Ikko harsashi zai faɗi ba, kuma 'yan gudun hijira ba Fatakwal za su nufa ba. Ta Maigatari da Babura za su shigo, kuma ba za a daɗe ba sai mun gan su a makarantun firamarenmu.

Allah ya kiyaye ba a yi yaƙin ba, amma iyaka ta zauna a rufe fiye da wata bakwai. ECOWAS ta janye takunkumi ran 24 ga Fabrairu 2024, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris. A tsakanin nan kasuwar Maigatari, wadda take ci ran Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki na Afirka, ta yi sanyi. Wanda bai san yadda kasuwanni suke ɗaure da juna ba zai ce wannan matsalar mutanen Gumel ce. Amma san da aka saya a Maigatari shi ne ake sake sayarwa a ƙananan kasuwanni, dillalin da yake cin kasuwar Sara a ƙasar Gwaram da farashin can yake yanka nasa, direban da yake lodi ɗan unguwarmu ne, mahaucin da yake jiran kaya maƙwabcinmu ne. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kasuwa. Mun san gida a garinmu da uwargidan 'yar ƙasar Magarya ce. Mahaifinta ya rasu a cikin waɗannan watanni, sai a bayan babur ta bi ta hanyar daji, da kuɗin da ya ninka na mota, kafin ta je ta yi gaisuwa. An ce zumunta a ƙafa take, to ran nan ƙafar sai da ta yi sata.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa tasu ƙungiya mai suna AES a Satumbar 2023, suka ba da sanarwar fita daga ECOWAS a Janairun 2024, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A Oktoban 2024 gwamnatin Yamai ta hana fitar da hatsi, irin su gero da dawa da masara, sai dai zuwa ƙasashen nan biyu ƙawayenta. A watan Mayu 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, ta hana fitar da dabbobi. Ba mu ce sun yi haka don ƙeta ba, sun yi ne don farashi ya sauko wa talakansu, kuma kowace gwamnati tana da wannan iko. Amma duk magidancin da ya shiga kara neman rago a wannan shekara ya san inda dokar ta same shi. Ran 26 ga Maris 2025 kuma aka rantsar da Janar Tchiani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar, wanda aka ce ana iya sake duba tsawonsa, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa duka. A Yulin wannan shekara Bazoum ya cika shekara biyu a tsare.

Yanzu bari mu matso gida sosai, mu ɗauki abubuwa uku da suka shafi ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kai tsaye.

Na farko makiyaya. Kowace shekara da kaka, garkunan shanu da tumaki sukan gangaro daga arewa, waɗansu daga cikin Nijar, su ratsa ƙasarmu su nufi Bauchi da gaba. In sun iso kafin manomi ya kwashe amfanin gonarsa, kowa a ɗakin nan ya san abin da yakan biyo baya. Tun 1998 ECOWAS take da ƙa'ida a kan wannan ƙaura, wadda ta ce makiyayi ya riƙe takardar shaida mai nuna yawan dabbobinsa, da allurar da aka yi musu, da hanyar da zai bi. Ba mu ce ana bin ƙa'idar yadda ya kamata ba, amma aƙalla akwai takardar da hakimi ko jami'in gona zai kafa hujja da ita. Yanzu da Nijar ta fita daga ƙungiyar, dorewar irin wannan tsari ta koma ga fahimtar juna tsakanin gwamnatocin biyu. In suna ga-maciji, wa zai gaya wa ardo ya dakata sai an gama girbi?

Na biyu ruwa. Ruwan da yake sauka a ƙasar Gwaram yana bin kogin Bunga, wanda a gaba ake kira kogin Jama'are, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe. Wannan kogi shi ne iyaka tsakaninmu da jihar Difa kafin ya faɗa Tafkin Chadi, kuma da shi manoman tattasai na can suke rayuwa. Saboda irin wannan ne aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. A nan mu ne a sama, su a ƙasa. A kogin Kwara kuwa su ne a sama, suna gina dam a Kandaji, mu muna ƙasa da Kainji da Jebba. Kowa yana riƙe da maƙogwaron ɗan'uwansa, saboda haka dole a sami gwamnatocin da suke iya zama a tabarma ɗaya.

Na uku tsaro. Nijar tana cikin rundunar haɗin gwiwa da take yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi, sai a Maris 2025 ta ba da sanarwar janyewa. Kafin nan, a Nuwamban 2024, hedkwatar tsaron Nijeriya ta ce 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun sami ƙofar shigowa Sakkwato da Kebbi ne bayan sintirin haɗin gwiwa ya yi rauni sakamakon juyin mulkin. A Disamban wannan shekara Janar Tchiani ya yi hira da harshen Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa a kan ƙasarsa, hukumomin Nijeriya suka ƙaryata. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mu da Allah ya rufa wa asiri a Jigawa, kada mu ɗauka wayonmu ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Muna iya ƙarawa da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021, da reshenta mai zuwa Dutse. An tsara ta ne bisa zaton kayan Nijar za su riƙa bi ta tashoshin ruwanmu. Ƙarfen dogo ba ya tilasta wa kowa ya yi lodi. Ribar wannan aiki, da bashin da aka ci dominsa, suna rataye da shawarar wanda yake mulki a Yamai.

To, a nan ya kamata mu yi adalci, domin mun san akwai masu ja da mu a cikin ɗakin nan. Za su ce talakawan Nijar da yawa sun fito tituna sun yi wa soja maraba, kuma haka ne. Za su ce shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a ƙasar Agadas ana kai wa Faransa, ƙauyukan Nijar suna cikin duhu, zaɓaɓɓun shugabanni ba su sauya wannan ba, sai da soja suka zo aka sallami sojan Faransa a Disamban 2023. Za su ce zaɓen 2021 ɗin ma ba tsarkakakke ba ne, tun da an hana babban ɗan adawa Hama Amadou tsayawa. Za su kuma tuna mana cewa gwamnatin sojan ce ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya koma harshen aiki, abin da mu da muke tinƙaho da yawa ba mu yi ba. Duk mun ji, kuma ba mu raina ko ɗaya.

Har ila yau, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Zaɓaɓɓiyar gwamnatin Nijeriya ce ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ba tare da wani ya yi juyin mulki ba. Gwamnatin sojanmu kuma ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Saboda haka ba mu da bakin da za mu yi wa kowa wa'azi, kuma ba mu ce zaɓe maganin kowace cuta ba ne.

Abin da muka ce ya fi wannan ƙanƙanta, amma muna ganin ya fi shi tabbata. Ku tuna kashi 40 ɗin nan na Damagaram da Maraɗi. Manomin wake na can yana so a bar shi ya kawo kayansa inda zai yi daraja. Mai kiwo yana so ya sayar da ragonsa a Maigatari. Ɗan ci-rani yana so ya zo Kano ko Dutse ko Birnin Kudu da rani ya koma da damina ba tare da an tatse shi a hanya ba. Bukatarsu da tamu ɗaya ce. Ran da ake zaɓe, waɗannan mutane suna da abin da za su riƙe ɗan takara da shi, suna da ɗan majalisar da za su je ƙofar gidansa, kuma mai mulki ya san akwai ranar da zai dawo neman su. Watau ƙuri'ar Badamagare ita ce wakiliyarmu a Yamai, ko da shi bai sani ba. In aka ɗauke zaɓe, shawarar rufe iyaka ko hana fitar da dabba takan fito ne daga ɗaki guda, a wayi gari kawai a ji ta a rediyo. Mai yiwuwa shawarar ta yi kyau, mai yiwuwa ta ɓaci, amma ba mai ikon cewa a sake dubawa. Bayan haka zaɓe yana da rana sananniya. Ɗan kasuwa yana iya lissafi da shi, gwamnati tana iya ƙulla yarjejeniyar shekara goma. Juyin mulki ba ya sallama, kuma tarihin da muka karanto ya nuna wanda ya shiga ta taga yakan bar ta a buɗe ga na bayansa.

Saura abin da ya rage gare mu. Ba aikinmu ba ne mu zaɓar wa mutanen Nijar shugaba, ko mu gaya musu ranar da za su yi zaɓe. Da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron yaƙin neman zaɓe a Kano a Janairun 2019, 'yan Nijeriya da yawa sun ji haushi, suka ce shisshigi ne. Abin da ba mu so a yi mana, kada mu yi wa wani. Amma akwai abin da yake hannunmu.

Da farko mu san ƙasar. Abin kunya ne ɗalibin jami'a daga Jigawa ya iya jero 'yan wasan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, amma a tambaye shi jihohin Nijar takwas ya tsaya yana susar ƙeya. Gidajen rediyon da muke saurare kullum suna kawo labarin Yamai da Hausa, ba sai an fassara mana ba. Masu karatun tarihi da tattalin arziki da aikin gona a cikinmu, ga kasuwar Maigatari, ga burtalin da ya ratsa ƙasarmu, ga kogin Bunga, duk suna jiran mai rubuta kundin digiri a kansu. Wanda ya sami dama ya koyi Faransanci ya koya, domin takardun gwamnatin can da shi aka rubuta mafi yawansu. Kada wani ya ce harkar ƙasashen waje ta fi ƙarfin ɗan ƙauye. Daga Bamaina, nan cikin ƙasar Birnin Kudu, Alhaji Sule Lamido ya fito ya riƙe ma'aikatar harkokin wajen Nijeriya daga 1999 zuwa 2003.

Yayyenmu ma'aikata kuwa, da yawa a cikinku za ku zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi, ko sashen gona, ko kwastan, ko shige da fice. Baƙon da ya zo gabanku da takardar Nijar, yadda kuka karɓe shi ita ce siyasar wajen Nijeriya da zai koma gida da labarinta. In manyan sun ɓata a sama, ku ne za ku riƙe igiyar a ƙasa har su shirya.

Daga ƙarshe, muna da ƙuri'a a namu zaɓen. Duk mai neman kujerar majalisar tarayya ko ta shugaban ƙasa da ya zo filin taro a Birnin Kudu ko Gwaram, bayan ya gama alkawarin taki da titi, mu tambaye shi matsayinsa a kan iyaka. In aka sake rikici a Nijar, zai goyi bayan rufe ta da yanke wuta, ko yana da wata dabara da ba za ta hukunta talakan ɓangarorin biyu ba? Me zai yi a kan shigowar makiyaya da kaka? A 2023 an yanke shawarar da ta kusa kai mu yaƙi ba tare da an tambayi jama'ar jihohin iyaka ba, sai daga baya wakilanmu suka yi ta gudun kashe wuta. Bai kamata a sake samunmu a haka ba.

Ga ɗan'uwanmu mai biro, muna fata ya sami amsarsa. In kuwa bai gamsu ba, ga fili, shugaban taro ya ce akwai lokacin tambayoyi. Muna roƙon Allah ya zaunar da Nijar lafiya, ya nuna wa mutanenta ranar da za su zaɓi shugabansu da hannunsu cikin kwanciyar hankali, mu kuma ya ba mu ikon gyara namu.